Fam 40 Ɗin Da Yaya Bai Yafe Ba

Yau wata 'yar rigimar cikin gida na ɗebo muku, kuma sai da na nemi izinin mai ita kafin in rubuta. Ya ce in rubuta mana, in dai ba ƙarya zan yi masa ba.

A watan Satumbar 2024 ne ɗan yayana, wanda aka haifa aka raina a nan Sabon Ibadan, ya tafi Landan karatun digiri na biyu. Duk wanda ya san yadda aka haɗa kuɗin tafiyar nan ba zai ga laifin Yaya ba in ya riƙa ƙirga kowane kwabo. An sayar da filin gado a Arewa, an ci bashi wajen abokan ciniki a kasuwar Bodija, ni ma na sa ɗan abin da Allah Ya hore mini. Sati uku da saukar yaro sai ga hotuna sun shigo zauren WhatsApp na gida. Ga shi nan a saman wata jar mota mai hawa biyu marar rufi, ya naɗe wuya da mayafi, yana ta washe baki, ga hasumiyar agogon nan ta Big Ben a bayansa. Matan gida suka yi ta sa albarka. Yaya bai ce uffan ba, sai da ya kira shi ya tambayi nawa aka biya. Yaro ya ce, "Kusan fam 40 ne, Baba."

A lokacin fam ɗaya ya haura naira 2,000. Shi kuwa Yaya mutum ne da ba ya bukatar biro in za a yi lissafi. Nan take ya ga sama da naira 80,000, alhali mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a watan Yulin wannan shekarar naira 70,000 ne. Bayan sallar isha'i sai ga shi a ƙofar gidana, ko zama bai yi sosai ba ya ce, "Kai ka san garin nan. Kira shi ka ja masa kunne. Karatu na tura shi ko yawon buɗe ido? Albashin mutum na wata guda ya miƙa wa direba, ya zaga da shi, ya dawo da shi inda ya ɗauke shi!"

Na yi shiru na ɗan lokaci, sannan na ce, "Yaya, ai ni ma na hau motar nan."

Tun daga ranar maganar ba ta mutu ba a gidanmu. Yaron har ya gama karatunsa, amma duk lokacin da aka ambaci almubazzaranci sai fam 40 ɗin nan ya dawo. Kuma na lura ba Yaya kaɗai ba ne. A majalisarmu ta bayan la'asar kusan kowa bayansa ya goya. Ni kuwa ra'ayina shi ne, a cikin duk kuɗin da yaron ya kashe a watansa na farko, da wuya a sami wanda ya fi wannan amfani. Kuma ina ganin mu mazauna Sabo mu ne muka fi kowa rashin hujjar yi masa faɗa. Bari in fara da abin da na gani da idona.

Ni a 2008 na je, kwas na shekara ɗaya, ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin. A cikin azumi na sauka. Watan farko ban san komai a Landan ba sai rami. Ka shiga rami kusa da masaukinka, jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ja ka cikin duhu, ka fito ta wani ramin kusa da makaranta. Da yamma ka sake komawa ramin. In da za a ce in nuna gabas a bakin titi ba tare da na duba ɗan kamfas ɗin da na tafi da shi saboda alƙibla ba, wallahi ba zan iya ba. Har na taɓa biyan kuɗi na hau jirgi daga tashar Leicester Square zuwa Covent Garden, daga baya na gane tsakaninsu bai kai tafiyar minti biyar a ƙafa ba. Bayan ƙaramar Sallah, a farkon Oktoba, wasu abokan karatu suka ce za su hau motar zagaya gari ran Asabar. Na yi ta jan ƙafa, don ko a lokacin da fam bai kai naira 250 ba, kuɗin ya yi mini ciwo. Kunya ce kawai ta sa na bi su.

Muka hau sama, da yake an ce a can ne ake ganin gari. Sanyin Oktoba na Landan jiƙaƙƙe ne mai shiga ƙashi, ba ya kama da ɗan hunturun da ke leƙo mu nan Ibadan ya koma. Aka ba kowa 'yar igiyar sawa a kunne, ka jona a jikin kujera, ka zaɓi harshe: Turanci, Faransanci, Jamusanci da wasu. Wata murya mai daɗi ta fara ba mu labari.

Abu na farko da motar ta yi mini shi ne ta ɗinke mini garin. Ramukan nan da nake fitowa ta cikinsu kamar gafiya, ashe unguwanni ne masu maƙwabtaka da juna, kuma duk suna kallon kogin Thames. Daga ranar na san in kogi na hannun damana ina fuskantar ina. Wannan kaɗai ya rage mini kuɗin jirgi a sauran watannin, don wurare da yawa na koma zuwa da ƙafa. Amma wannan ƙaramar riba ce.

Muka iso dandalin Trafalgar. Ga wani dogon ginshiƙi mai tsawon sama da mita 50, a ƙololuwarsa mutum-mutumin Nelson, kwamandan sojan ruwan da ya ci rundunar jiragen Faransa da Sifaniya a 1805, ya kuma mutu a wannan yaƙin. Ga zakoki huɗu na tagulla a gindinsa, yara na hawa kansu. Muryar ta daɗe a kan Nelson. Ni kuwa idona ya faɗa kan wani titi da ya gangara wajen kogi, na hango tuta kore-fari-kore tana kaɗawa a jikin wani gini. Ofishin jakadancin Najeriya ke nan. Muryar ba ta san da shi ba.

Daga nan muka miƙe titin Whitehall, inda ma'aikatun gwamnati suke. Ga sojoji a kan dawaki ko motsi ba sa yi, ga ƙofar ƙarfe da ta tare Downing Street, inda Firayim Minista ke zama. Dab da ita akwai wani ƙaton gini na dutse, muryar ta ce ma'aikatar harkokin waje ce, ta yabi kyan gininsa, muka wuce. Sai bayan watanni na gano cewa a cikin wannan ginin ne ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka yake a zamanin da sojojin Lugga suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Nan ne rahotannin ke zuwa. Nan ne kuma aka amince da haɗe Kudu da Arewa a 1914. Ai kuwa sai da na koma da ƙafa na tsaya a gabansa. To da motar ba ta fara nuna mini ginin ba, da na karanta sunansa a littafi na wuce, kamar yadda nake karanta sunan kowane wuri da ban taɓa gani ba.

A dandalin da ke gaban majalisar dokokinsu akwai gumakan manyan mutane. Na gane Churchill, na kuma gane Mandela, wanda ba a daɗe da kafa nasa ba, a 2007. Muna nan cikin cunkoso sai agogo ya buga. Jama'a, sai da tsigar jikina ta tashi. Wannan ƙarar na tashi da ita a ɗakin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, daga cikin wata tsohuwar rediyo da yake rufewa da ƙyalle saboda ƙura. Da ita yake gyara agogon hannunsa. Muryar kunne ta ce Big Ben sunan ƙararrawar ne, mai nauyin sama da tan 13, wadda ta fara bugawa a 1859. Ita hasumiyar sai a 2012 ma aka sa mata sunan Sarauniya Elizabeth. Mahaifinmu ya yi shekaru yana jin ƙararrawar nan yana ƙulla huhun goro a Sabo, bai taɓa sanin a bakin kogi take ba.

Muka tsallaka kogi muka sake tsallakowa, sai motar ta bi ta wata lanƙwasa da ake kira Aldwych. Ga wani gini mai manyan ginshiƙai biyu. Muryar ta ambaci BBC a jimla ɗaya ta ci gaba da harkarta. Ni kuwa har na miƙe tsaye, sai da na kusa da ni ya jawo rigata. Bush House ke nan, inda ake cewa "Landan take kira". Sashen Hausa ya fara watsa shiri a 1957, kuma daga wannan gini muryoyin da muka tashi da su suke fitowa har zuwa 2012 da BBC ta tashi daga cikinsa. Yanzu wata jami'a ce ke amfani da shi. A motar nan mai cike da mutane daga ƙasashe daban-daban, ni kaɗai ne wannan ginin ya yi wa magana.

Sauran tafiyar ba zan ja ta ba. Mun ji labarin gobarar 1666 da ta tashi daga gidan wani mai gasa burodi a Pudding Lane, ta ci kwana huɗu, ta lashe gidaje sama da 13,000, da yadda bayanta aka tilasta gini da bulo da dutse. Mun ga majami'ar St Paul da Christopher Wren ya sake ginawa cikin shekara 35. Mun ratsa unguwar bankuna a daidai makonnin da bankunan duniya ke tangal-tangal, fuskokin 'yan tsirarun da muka gani da kwat ran Asabar ɗin ba annuri. Mun haye Tower Bridge, gadar da aka buɗe a 1894 wadda tsakiyarta ke ɗagawa jirgi ya wuce. Kusa da ita ga tsohuwar ganuwar da ake ajiye kayan sarauta, ciki har da lu'ulu'un Cullinan da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905, da na Koh-i-Noor da ya fito daga Indiya bayan Turawa sun ci Punjab a 1849. A bakin kogi kuma ga wani dogon dutsen Masar mai shekara sama da 3,000 da aka kafa a wurin a 1878. Shi wannan, don a yi adalci, kyauta mai mulkin Masar Muhammad Ali ya ba su.

Abin da na fahimta a ranar shi ne, muryar nan ba ƙarya take yi ba. Labarin maigida take bayarwa, yadda maigida ke son a ji shi: sarakuna, yaƙoƙin da aka ci, gobarar da aka farfaɗo daga gare ta. Haka kowane mai gari ke yi. In ka kai baƙo Gidan Makama a Kano ai ba da labarin kasuwar bayi za ka fara ba. Aikin baƙo ne ya saurara, ya riƙe, sannan ya koma ya nemo abin da aka tsallake. Amma ba ka sanin an tsallake abu sai ka fara jin abin da aka faɗa.

Yanzu ga inda abin ya juyo kaina. Wanda ya jawo rigata a Bush House wani ɗalibi ne ɗan Malesiya, Musulmi, mai yawan tambaya. Da muka kusa sauka ya ce da ni, in ya zo garinmu, ina da ina zan kai shi? Ban yi wata-wata ba na fara zuba: Dutsen Dala, kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata, ganuwa, hawan Sallah. Ya ce, "Kai, garinku na da tarihi. A nan aka haife ka?" Sai bakina ya mutu. A Ibadan aka haife ni. A lokacin ina da shekara 36, kuma zuwana Kano duka-duka bai kai goma ba, yawanci biki ko ta'aziyya. Garin da na sha ruwansa tun ina jinjiri, na iya harshensa kamar ɗan gari, ban iya ambata masa wuri ɗaya a cikinsa ba. Na san hanyar Sabo zuwa Bodija, na san Dugbe, na san tashar da ake hawa motar Arewa. Wato ramukan Landan ɗin nan da nake kuka da su, ashe tun a gida a cikin irinsu nake.

Bayan wannan da 'yan makonni na ci karo da wani littafi a ɗakin karatu da ya ƙara mini kunya. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zo ya zauna a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya yi nazarin Hausawan Sabo, ya fitar da littafi a 1969. Ya bi diddigin yadda aka kafa unguwar a 1916, yadda fataucin goro da na shanu ke tafiya a hannun masu gida da dillalai, yadda ake ba da bashi bisa amana tsakanin Arewa da Kudu, matsayin Sarkin Sabo, da yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta kafu a unguwar. Ba duk abin da ya faɗa na yarda da shi ba, akwai inda na ga idon baƙo ya yi masa gardama. Amma ina zaune a Landan ina karanta sana'ar mahaifina filla-filla daga alƙalamin mutumin da ya taso daga wata uwa duniya ya zo ya kalle mu. Mu da muka haura shekara 100 a garin, wa ya taɓa zama ya kalli Ibadan haka, balle ya rubuta mana ita da Hausa?

Da na dawo a 2009, satin farko na ɗauki yarana muka hau Micra zuwa Oke-Are, muka hau hasumiyar Bower. An gina ta a 1936 don tunawa da Kyaftin Bower, Baturen mulki na farko da aka ajiye a Ibadan a 1893. Matattakalarta a murɗe take, shi ya sa 'yan gari ke ce mata Layipo, kuma suna da wata magana da suke yi wa mai ganin ya san gari: Ibadan ka sani, ba ka san Layipo ba. Daga samanta za ka ga jajayen rufin kwano iya ganinka, ga Mapo Hall da aka gama a 1929 a kan tudunta, ga Cocoa House da aka gina da kuɗin koko aka gama a 1965, ga ɓangaren jami'ar da aka kafa a 1948. Na nemi Sabo da ido da ƙyar na gano ta. 'Yar mitsitsiya ce. Babbar 'yata, tana da shekara bakwai a lokacin, ta ce, "Baba, duk wannan ma Ibadan ce?"

Na san abin da za a ce, don an faɗa mini a majalisa. Za a ce iyayenmu nema suka zo, kuma kame kansu da suka yi a cikin unguwa shi ya tsare mana harshe da addini da sutura har jikoki. Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan. Ba don Sabo ta riƙe kanta ba da yanzu ba da Hausa nake wannan rubutu ba. Sai dai ban ga inda hawa Oke-Are zai zubar wa mutum da Hausarsa ba. Kuma nisantar nan tana da farashi. Wanda bai san abin da mai gari ke alfahari da shi ba, bai san abin da ke masa ciwo ba, ba shi da abin hira da shi sai ciniki. Ran da ciniki ya ɓaci kuwa babu sauran igiyar da ta haɗa su. Dukkanmu muna tuna abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, rayuka da dukiyar da aka rasa, da tirelolin da suka kwashi mutane zuwa Arewa, wasunsu ba su san kowa a can ba. Ba ina cewa yawon kallon gine-gine zai hana rikici ba ne, wannan zai zama wauta. Amma a cikin waɗanda na sani, waɗanda maƙwabta Yarabawa suka ɓoye su ko suka tsare musu shaguna, mutane ne da alaƙarsu da gari ta wuce ta saye da sayarwa.

To ku dubi yaron nan da wannan idon. Ɗalibin da ya je Ingila daga gida irin namu ba hutu ya je ba. Doka ta ba shi damar aikin awa 20 a sati a lokacin karatu, kuma duk zai cike su, ko a ɗakin ajiyar kaya, ko gadi, ko kula da tsofaffi. Sauran lokacin lacca ne da rubutu. In ya sami sarari zai nemi 'yan uwa 'yan Najeriya, a je Peckham a sayo garin rogo da manja, a dafa a ci ana hirar gida da farashin dala. Sai shekara ta ƙare ya dawo da takarda, bai san Landan ba sai rami da wurin aiki. Wato ya je ya kafa tasa Sabon a can. In bai leƙa garin a watan farko ba, lokacin da idonsa ke sabo kuma aiki bai riƙe shi ba, da wuya ya leƙa daga baya. Na ga waɗanda suka shekara biyar ba su taɓa taka gadar Westminster ba.

Na tuna wa Yaya cewa Malam Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar yaƙin duniya, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi don waɗanda ba su je ba su gani ta idonsa. Yaya ya ce shi Imam ai gayyatarsa aka yi, ba filin ubansa aka sayar ba. Na rasa amsa, don ya fi ni gaskiya a nan.

Akwai ma sauran wuraren da ya fi ni gaskiya. Ya kamata yaro ya yi shawara kafin ya kashe kuɗi irin wannan, ko don girmama wahalar da aka sha. Kuma ba kowa ne ya hau motar ya amfana ba. A tamu motar akwai waɗanda tun da muka tashi har muka sauka bayansu suka ba gari, suna ɗaukar kansu hoto. In hoton ne kawai abin da aka samo, to lallai an yi asara. Sannan akwai hanya mai sauƙi da ni ban sani ba a lokacina sai daga baya. Jar bas ta haya mai lamba 15 tana tashi daga wajen Trafalgar, ta bi ta Aldwych, ta wuce St Paul har ganuwar nan ta bakin kogi, kuma a 2024 kuɗinta fam 1.75 ne. Mai lamba 24 kuma tana bi ta Whitehall da gaban majalisa. Ka hau sama ka zauna a kujerar gaba, ka ga kusan duk abin da muka gani. Abin da za ka rasa shi ne muryar, kuma sabon zuwa da bai san sunan komai ba yana bukatar wanda zai fara gaya masa sunaye. Da yaron ya tambaye ni, da na ce ya biya sau ɗaya, sauran kuma ya bi ta lamba 15.

Na kira shi kamar yadda Yaya ya umarta, a gabansa ma, na sa a amsa-kuwwa. Na ce, "Ka kyauta da ka je, ba ka kyauta ba da ba ka faɗa ba." Ya ce, "Tuba nake, Baffa." Sannan na ba shi aiki. Na ce tikitin nan bai gama biyan kansa ba sai ya koma wurare uku da ƙafarsa. Ya je ya tsaya gaban ginin nan na Whitehall. Ya nemi Lancaster House kusa da fadar Buckingham, inda Sardauna da Awolowo da Azikiwe da Tafawa Ɓalewa suka zauna da Turawa a 1957 da 1958 kan tsarin mulkin da ya kai mu ga 'yancin kai. Sannan ya shiga gidan tarihi na British Museum, shiga kyauta ne, ya sauka ɗakin Afirka da ke ƙasa ya ga tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwaso a 1897. Gidan na riƙe da kayan Benin sama da 900. Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar nata a 2022, wani ƙaramin gidan tarihi a kudancin Landan, Horniman, shi ma ya miƙa 72 a wannan shekarar, su kuwa suna kafa hujja da wata dokar 1963 da ta hana su rabuwa da kayan da ke hannunsu. Na ce ya je ya karanta abin da aka rubuta a jikin gilashin, ya gaya mini ko ya gamsu.

Ya je duka ukun. Daga gidan tarihin ya kira ni, muryarsa wani iri, ya ce, "Baffa, mun sha wucewa ta Benin a mota in za mu Fatakwal, ban taɓa sanin sun yi irin wannan aikin ba." Na ce ni ma sai da na je Landan na sani.

Shi kuwa Yaya yana nan kan bakansa. Shekararsa 61, duk a Ibadan ya yi su, kuma bai taɓa hawa Oke-Are ba. Na yi masa tayin in kai shi wata Lahadi, ni zan biya kuɗin Micra da na shiga. Ya ce gwiwarsa ba za ta iya matattakala ba. Na ce ko daga gindin hasumiyar ana ganin gari, ai a kan tudu take. Ya ce to, sai bayan Sallah. Sallah biyu ke nan suna wucewa. Jiya da na sake tuna masa, sai ya tambaye ni ko daga can ana hango Bodija.